Daga Aɗa'i Zuwa Mallaka: Tarihin Fansho da Zaɓin da Ke Gaban Musulmi Mai Shirin Ritaya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin tanadin da hukuma ke yi wa ma'aikaci bayan ƙarfinsa ya ƙare, tun daga diwanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, har zuwa dokokin fansho na Nijeriya na 2004 da 2014. Ta nuna cewa a mafi yawan wannan tarihi fansho kyauta ce da shugaba ke yankawa daga baitulmali, mai karɓa ba shi da ta cewa game da adadinta ko hanyar samunta. Tsarin karo-karo na yau ya mayar da ita dukiya mai sunan mai ita, ya kuma ɗora masa nauyin zaɓi. Daga wannan sauyi ne mas'alolin kuɗin ruwa da garari da zakka da gado suka shigo ɗakin ma'aikacin da ke dab da ajiye aiki.

Gabatarwa

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 54 ta Suratur Rum, ya siffanta rayuwar ɗan Adam da matakai uku: rauni, sannan ƙarfi, sannan wani raunin tare da furfura. A Suratu Yusuf kuma, daga aya ta 47 zuwa ta 49, ya ba da labarin tanadin shekarun yalwa domin shekarun fari. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Saboda haka malamai ba su ga wani karo tsakanin tanadi da tawakkali ba. Abin da ya sha canzawa a tarihi shi ne amsar tambayoyi uku: wa ke yin tanadin, dukiyar wa ce kafin ta shiga hannu, kuma wa ke ɗaukar hasara idan ta zo. Hukuncin fiƙihu a kan kowane tsarin fansho yana biye da waɗannan amsoshi.

Diwanin Umar da asalin aɗa'i

A zamanin Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, dukiyar da ta zo Madina ana raba ta ne nan take, kuma daidai wa daida. Da aka nemi ya fifita magabata a Musulunci, sai ya nuna cewa ladan rigaye yana wurin Allah, wannan kuwa abin rayuwa ne, daidaito ya fi dacewa da shi. Bayan buɗe Iraƙi da Sham dukiya ta yi yawan da rabon hannu ba zai iya da ita ba. Masu tarihi sun ambaci cewa Abu Huraira ya zo daga Baharain da dirhami 500,000, adadin da Umar da kansa ya yi mamakinsa. Bayan shawara sai ya kafa diwani, wato kundin sunayen masu haƙƙi da abin da kowa zai riƙa karɓa duk shekara. Balazuri ya sa wannan a shekara ta 20 bayan Hijira, Ɗabari kuma ya kawo shi a shekara ta 15. Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, masana nasabar Ƙuraishawa, su aka ɗora wa rubutun, aka fara da dangin Manzon Allah.

Umar ya saɓa wa Abubakar, ya gina rabon a kan rigaye. Mutanen Badar sun samu dirhami 5,000 kowannensu, kamar yadda ya zo a Buhari. Iyayen Muminai sun samu tsakanin 10,000 da 12,000, gwargwadon saɓanin riwayoyi. Adadin yana raguwa har ya iso ga waɗanda suka musulunta daga baya. Da farko ba a rubuta yaro sai an yaye shi. Da Halifa ya gano cewa iyaye mata na gaggauta yaye domin a rubuta 'ya'yansu, sai ya yi shelar a rubuta wa kowane jariri dirhami 100. Ban da kuɗi, akwai kuma rabon abinci na wata-wata.

Wannan rabo shi ake kira aɗa'i. Ba a cire shi daga albashin kowa ba, daga fai'i da haraji yake fitowa. Mai karɓa bai zaɓi inda za a juya shi ba, bai kuma zaɓi adadinsa ba. Zaɓin da ya rage masa biyu ne: ya karɓa ko ya ƙi, in ya karɓa kuma me zai yi da shi. Hakimu ɗan Hizam ya ƙi karɓar nasa a hannun Abubakar da Umar saboda alkawarin da ya yi wa Manzon Allah cewa ba zai sake karɓar komai a hannun kowa ba, har Umar ya kafa Musulmi shaida cewa ya miƙa masa haƙƙinsa ya ƙi. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi ta rabar da nata ga dangi da marayu, ta roƙi Allah kada wani aɗa'in ya sake riskarta, ta kuwa rasu a shekara ta 20.

Tsufa a matsayin dalilin haƙƙi

Diwani ya ginu ne a kan hidima ga Musulunci. Amma tun a wancan ƙarni an samu wani tushe na biyu, wato tsufa da gajiyawa. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a 182H, ya kawo a Kitabul Kharaj yarjejeniyar da Halidu ɗan Walid ya yi da mutanen Hira a shekara ta 12. A cikinta an tanadi cewa tsohon da ya kasa aiki, ko wanda wata annoba ta faɗa masa, ko mawadacin da ya talauce, za a ɗauke masa jiziya, a kuma ciyar da shi da iyalansa daga baitulmalin Musulmi. Mutanen Hira kuwa Kiristoci ne. A littafin ne kuma aka kawo labarin tsohon Bayahude makaho da Umar ya tarar yana bara domin ya biya jiziya. Halifa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya nemo irinsa ya yanka musu abin rayuwa, yana mai nuna cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi ranar tsufa. Abu Ubaid, wanda ya rasu a 224H, ya kawo a Kitabul Amwal wasiƙar Umar ɗan Abdul'aziz zuwa ga gwamnansa na Basra, Adiyyu ɗan Arɗata, mai ɗauke da irin wannan umarni, tare da kafa hujja da aikin Umar na farko.

Yadda fuƙaha'u suka siffanta aɗa'i

Mas'alolin da mai shirin ritaya ke tambaya a yau suna da magabata a littattafan fiƙihu. Game da zakka, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abubakar idan zai ba mutum aɗa'insa yakan tambaye shi ko yana da wata dukiya da zakka ta wajaba a kanta. In ya ce akwai, sai a cire zakkar waccan dukiya daga aɗa'in. In ya ce babu, sai a ba shi cikakke. Haka Usman ya yi. Ibn Shihab ya ce Mu'awiya ne farkon wanda ya ciri zakka daga aɗa'in kansa. A kan aikin halifofin farko Malikawa suka gina cewa sabuwar dukiya, wadda suke kira fa'ida, ba a yi mata zakka sai ta shekara a hannu.

Game da sayar da haƙƙi kafin ya shiga hannu, Muwaɗɗa ta kawo abin da ya faru a zamanin gwamnancin Marwanu ɗan Hakam a Madina. An raba wa mutane takardun karɓar abinci daga Jar, tashar jiragen ruwa ta Madina, sai suka shiga sayar da takardun a tsakaninsu tun ba su karɓi abincin ba. Zaidu ɗan Sabit da wani sahabi suka shiga wurin Marwan suka tuhume shi da halatta cinikin riba. Ya tura dogarai suka karɓe takardun suka mayar wa masu su.

Game da mutuwa da nakasa, Mawardi, wanda ya rasu a 450H, ya yi bayani a Ahkamus Sulɗaniyya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ya bambanta abin da soja ya riga ya cancanta kafin ya mutu da abin da zai zo a bayansa. Na farko bashi ne a kan baitulmali, ana raba shi ga magada bisa ƙa'idar gado. Ci gaba da ciyar da zuriyarsa daga diwanin soja kuwa fuƙaha'u sun kasu biyu a kansa: wasu sun ce ya faɗi, a mayar da su ga kason mabuƙata, wasu sun ce ya ci gaba domin ƙarfafa gwiwar masu hidima. Haka suka kasu a kan wanda ya nakasa: wasu sun ce aɗa'insa ya yanke domin ladan aiki ne kuma aikin ya ƙare, wasu sun ce yana nan. Wannan saɓani shi ne ainihin tambayar fansho: ladan aiki ce da aka jinkirta, ko kuwa kulawa ce da shugaba ya ɗaukar wa kansa?

Daga diwani zuwa asusun ritaya

Abin da shugaba ya yanka, wani shugaban yana iya yankewa. A shekara ta 218H, daidai da 833M, Halifa Mu'utasim ya aika wa gwamnansa na Masar ya goge sunayen Larabawa daga diwani ya tsayar da aɗa'insu, domin daular ta koma dogaro da sojojin Turkawa. Daga baya, a zamanin Buwaihawa da Saljuƙawa, aka koma ba manyan soja harajin wani yanki a madadin kuɗi. A daular Usmaniyya ta Turkiyya tsofaffin sojojin Yaniceri sukan koma rukunin da ake kira oturak, suna karɓar rabo ba tare da fita yaƙi ba, manyan malamai da alƙalai kuma akan yanka musu abin da ake kira arpalik idan ba sa kan muƙami. A 1866 daular ta kafa asusun ritaya na soja, wanda ake cire wani kaso na albashi ana zubawa a cikinsa. A Turai kuma, Jamus ta kafa inshorar tsufa da nakasa a 1889 a zamanin Bismak, inda ma'aikaci da mai ba shi aiki da gwamnati suke haɗa kuɗi, ana fara biya a shekara 70.

Da wannan cire-cire daga albashi wani sabon abu ya shigo. Ma'aikaci ya fara sa hannu a tanadin, don haka ya samu hujjar cewa haƙƙinsa ne. Duk da haka kuɗin a tukunya ɗaya suke, kuma hukuma ce ke lamunce adadin da za a biya.

Ƙasar Hausa: daga gandu zuwa dokar 1979

Kalmomin fansho da ritaya da garatuti duk aro ne daga Ingilishi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin baƙo ne. Tanadin tsufan Bahaushe gandu ne: uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, idan ƙarfinsa ya ja baya sai 'ya'ya su ci gaba, rumbu yana nan a hannunsa. Malami yana da almajirai da zakka da sadaka. Mai sarauta da alƙali galibi sukan zauna a kan muƙami har mutuwa, sai fa in an tuɓe su ko sun yi murabus. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jero hanyoyin shigar baitulmali da na kashe shi a Kitabul Farƙ, a kan tafarkin da fuƙaha'un farko suka bi, inda haƙƙin gajiyayye ke shiga babin mabuƙata.

Zuwan Turawa ya kawo albashi. Wajajen 1911 aka yaɗa tsarin baitulmalin En'e a masarautun Arewa, aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi tsayayye. Wanda ya bar gandu ya rayu da albashi kuwa, ranar da albashin ya tsaya dole a samo abin da zai maye gurbinsa. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta zuwa 1 ga Janairun 1946, ta tsara wannan ga ma'aikatan gwamnati, amma ta bar wa Gwamna ikon ragewa ko hanawa idan an samu ma'aikaci da sakaci ko rashin ɗa'a. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta tattara dokokin fanshon farar hula wuri guda. A ƙarƙashinta ba a cire komai daga albashi. Gwamnati ce ke biyan garatuti a dunƙule da fansho na wata-wata daga kasafin kowace shekara, bisa lissafin shekarun aiki da albashin ƙarshe. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya kare wannan haƙƙi, ya kuma wajabta sake duba adadinsa duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi.

Ta fuskar fiƙihu wannan tsari ɗan'uwan aɗa'i ne, shi ya sa bai tayar da ƙura sosai tsakanin malamai ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na farko a Makka a 1398H, ta haramta inshorar kasuwanci. Masu halattawa, cikinsu har da Shaihu Musɗafa Zarƙa, sun kafa hujja da cewa an yarda da fansho alhali kamarsu ɗaya. Majalisar ta amsa cewa ƙiyasin bai inganta ba, domin fansho haƙƙi ne da shugaba ya lazimta wa kansa a matsayinsa na mai kula da talakawansa, ba musayar dukiya ba ce da ake neman amfani da ita. Raunin tsarin ta wata ƙofar ya fito, ƙofar da ta buɗe tun zamanin Mu'utasim: alkawarin hukuma yana tsayawa ne a kan ikonta da niyyarta. Zuwa 2004 an ƙiyasta giɓin fanshon gwamnati da kusan naira tiriliyan 2, tsofaffi suna shafe watanni ba biya, suna kwana a layin tantancewa.

Sauyin 2004 da 2014

A watan Yunin 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a Dokar Gyaran Fansho, wadda ta ɗauki samfurin da ƙasar Cile ta fara a 1981. Aka buɗe wa kowane ma'aikaci asusun ajiyar ritaya da sunansa, shi ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya zuba 7.5. Kamfanonin kula da fansho ne ke juya kuɗin, wasu kamfanoni dabam ke riƙe da kadarorin, Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, tana sa ido. Dokar 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ɗaga kason zuwa 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai ba da aiki. An cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin tun 2011. Jihohi kuma kowace da tata dokar: wasu sun bi sahun tarayya, wasu kamar Jigawa da Kano sun ɗauki karo-karo amma sun bar kuɗin a asusu ɗaya tare da lamunce adadin biya. Don haka matakin farko ga mai shirin ritaya shi ne ya san wace doka ce ke kansa, domin hukuncin wannan ba shi ne hukuncin wancan ba.

A tsarin tarayya amsoshin tambayoyi ukun nan duk sun juya. Ma'aikaci yana cikin masu tanadin. Kuɗin suna da sunansa, ana aiko masa da bayanin abin da ya taru. Ƙaruwa ko tawaya kuma a kansa take faɗawa. Tun Nuwamban 2020 yana iya sauya kamfanin da ke kula da asusunsa sau ɗaya a shekara. Hujjar da majalisar Makka ta kare fansho da ita a 1398H, cewa lamunin shugaba ne, ba ta ƙara rufe dukan tsarin ba. Kowane ɓangare nasa sai an duba shi shi kaɗai.

Zaɓi huɗu a bakin ƙofar ritaya

Na farko shi ne inda ake juya kuɗin. Tun Yulin 2018 aka kasa asusun kashi-kashi. Wanda ya kai shekara 50 ana mayar da shi Asusu na Uku, wanda ya yi ritaya kuma Asusu na Huɗu. Waɗannan biyu an gina su ne a kan kauce wa haɗari, ma'ana mafi yawan kuɗinsu suna cikin takardun bashin gwamnati da ajiyar banki masu kuɗin ruwa. Shekaru da dama ma'aikaci Musulmi ba shi da mafita, kuma wanda doka ta tilasta ba a ɗora masa zunubin abin da ba shi da iko a kai. Amma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 bisa ƙa'idar ijara domin gina hanyoyi, sannan a 2021 PenCom ta fitar da ƙa'idojin Asusu na Shida wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, mai reshe ga masu aiki da reshe ga 'yan ritaya. Ba a sa mutum a ciki sai ya nema. Uzurin tilas yana raguwa gwargwadon samuwar mafita. Sai dai ƙa'idojin farko sun yarda a cike giɓi da kadarorin da aka saba idan na halal ba su wadatu ba, har zuwa lokacin da za su yawaita. Saboda haka ya kamata mai shiga ya tambayi kamfaninsa abin da asusun ya ƙunsa da yadda ake tsarkake shi, ya kuma nemi fatawa game da ƙaruwar da ta taru a shekarun baya.

Na biyu shi ne abin da zai karɓa a dunƙule. Doka ta ba da damar taɓa asusun a lokacin ritaya ko cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya, kuma ta yarda a ɗebi wani kaso a dunƙule muddin ragowar za ta isa biyan wata-wata. Duk nairar da aka ɗiba a yau ragi ce daga abincin shekaru masu zuwa. Fiƙihu ya riga ya jera abin da ke gaba da wani: bashin da lokacinsa ya yi da ciyar da iyali na wajibi suna gaban aikin Hajji, domin iko sharaɗi ne a cikinsa, Hajjin farilla kuma yana gaban biki da gini na ƙawa. Dokar 2014 ta hana jinginar da asusun domin cin bashi, in ban da kason da aka yarda a biya a matsayin kafin alƙalami na mallakar gida, wanda ƙa'idojin 2022 suka iyakance a kashi 25 cikin ɗari. Wannan hani ya yi daidai da abin da sahabbai suka tsaya a kai game da takardun Jar.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne hanyar karɓar ragowar. Hanya ɗaya ita ce cira a kan tsari: kuɗin su zauna a asusunsa, kamfanin fansho yana juya su yana biyan shi wata-wata ko duk wata uku bisa ƙiyasin tsawon rai. In ya mutu, abin da ya rage na magada ne. In ya yi tsawon rai fiye da ƙiyasi, asusun na iya ƙarewa. Ɗaya hanyar ita ce ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, shi kuma ya lamunce masa biya har mutuwa. An lamunce shekara goma na farko, in ya mutu a cikinsu a ba magada ragowarsu, in ya wuce su babu abin da za a gada. Mai hanyar farko yana iya komawa ta biyu, amma wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa. A mizanin fiƙihu hanyar farko wakilci ce a kan dukiyar mutum, tana inganta idan inda ake juyawa halal ne. Ta biyu musayar kuɗi ce da kuɗi, tare da jinkiri da jahiltar adadi, domin babu wanda ya san ajalinsa. Wannan ne gararin da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gina hukuncinta a kansa a Jidda a 1985, inda ta haramta inshorar kasuwanci ta halatta ta taimakekeniya. Buƙatar da ta haifi hanya ta biyu kuwa, wato tsoron mutum ya rayu bayan kuɗinsa sun ƙare, buƙata ce ta gaskiya, kuma gurbinta a shari'a takaful ne, wanda aka fara a Sudan a 1979, Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Akwai kuma hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a Nijeriya a 2024. Adadin da aka tsayar ba ya motsi, irin wannan hauhawa tana cinye shi cikin 'yan shekaru.

Na huɗu shi ne zakka da gado. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yanke cewa babu zakka a kan ma'aikaci cikin haƙƙoƙin ƙarshen aiki muddin yana bakin aiki, domin mallakarsa ba ta cika ba. Idan ya karɓa sai su shiga lissafin dukiyarsa. A nan mazhabobi suka rabu: Malikawa suna fara wa fa'ida sabuwar shekara daga ranar karɓa, Hanafawa suna haɗa ta da shekarar nisabin da yake da shi, Shaihu Yusuf Ƙardawi kuma ya zaɓi a fitar ranar karɓa. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, abin fitarwa kuma kashi 2.5 cikin ɗari. Game da gado, bambancin da Mawardi ya yi yana nan da ransa. Abin da hukuma ta yanka wa matar mamaci ko ƙananan 'ya'yansa da sunansu, da yawa daga masu fatawa na zamani sun ce na wanda aka yanka wa ne. Abin da ya rage a asusun ajiyar ritaya kuwa dukiyar mamaci ce, ana biyan bashi da wasiyya daga ciki, sannan a raba bisa fara'id. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci bai zama mai dukiyar ba, amintacce ne da za a tuntuɓa. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Tunda kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin sai da takardar wasiyya ko takardar kotu ta izinin karɓar gado, rubuta wasiyyar da ta bayyana magada ta kuma umarci a bi rabon shari'a yana rage wa marayu wahalar zirga-zirga da husumar dangi.

Kammalawa

Tsakanin Hakimu ɗan Hizam da ma'aikacin da ke cike fom ɗin ritaya a yau akwai ƙarni goma sha huɗu. Na farko zaɓinsa ya karɓa ko ya bari. Na biyu an miƙa masa zaɓi huɗu, ɗaya daga ciki ba a warware shi bayan an sa hannu, kuma galibi a watannin ƙarshe na aiki yake fuskantar su, lokacin da masu tallar kamfanoni suka fi malamai kusa da shi. Wannan ya ɗora wa jami'o'i da majalisun fatawa aiki uku. Su tantance siffar asusun ajiyar ritaya a mazhabar Malik, ko fa'ida ce, ko bashi, ko dukiyar da ke hannun wakili, domin hukuncin zakkarsa ya rataya a kan haka. Su haɗa kai da masana lissafin inshora wajen tsara fanshon takaful na tsawon rai, domin hani ba tare da madadi ba ya kan tura mutane ga abin da aka hana. Su kuma riƙa tunatar da hukuma cewa buɗe wa kowa asusunsa bai sauke mata nauyin da Umar da Halidu suka ɗauka ba. Dokar 2014 da kanta ta tanadi mafi ƙarancin fansho da asusun kare shi, kuma manomi da ɗan tireda da malamin allo, waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba, suna da haƙƙi a baitulmali ranar da ƙarfinsu ya ƙare.